Wane zane da wane majanyi ya dace da goyon jinjiri, kuma yaushe ake fara goyon baya?

Amaryar Garin Malam:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jinjirina na fari yana da sati uku, an auna shi kilo 3 da rabi. Cikin kayan barka akwai atamfofi, akwai tawul babba, akwai majanyin saƙi ɗaya mai kauri. Wanne ya fi dacewa da goyo a zafin Damagaram? Yaushe zan fara goya shi a baya, tunda wuyansa bai tsaya ba? Kuma me ke sa goyo ya riƙa zamewa har sai uwa ta yi ta gyara? Ina kuma ganin wani dogon zanen saƙa a intanet da Turawa ke naɗe yaro da shi a ƙirji, ko yana da amfani a nan? A taimaka mini da bayani dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Inna ta Birni:

Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ki fara gane cewa zane da majanyi aikinsu daban. Zane yana rungume yaro ya manna shi da jikinki, majanyi ne ke ɗaukar nauyin. Yawancin goyon da ke zamewa, ko dai an bar wa zane aikin majanyi, ko an ɗauko yadi mai santsi.

Zanen goyo falle ɗaya ne na atamfa, wato yadi 2, kusan mita 1 da santimita 80, faɗinsa ya ɗan haura mita 1. Turmi yadi 6 ne, kin ga falle uku ke nan, kuma gara ki ware biyu ko uku don goyo kaɗai saboda tumbuɗi da fitsari. Idan kina da jiki, ki sa tela ya yanka miki yadi 2 da rabi, don bakin da za ki soke ya yi tsawon taƙi biyu aƙalla. Gajeren baki shi ne ke kwancewa da kin ɗaga hannu.

Ki tabbata auduga ce zalla. Atamfar roba tana da ƙyalli da araha, amma tana zamewa a kan kanta, ba ta tsotse gumi, bayan yaro da wuyansa su cika da ƙurajen zafi. Gwajin mai sauƙi ne: ki zare 'yan zarurruka daga bakin yadin ki kanga musu ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi, warinta kamar na takarda. Roba takan narke ta dunƙule ta yi tauri. Shadda da leshi da duk wani yadi mai duwatsu a bar su wa biki. Sabuwar atamfa kuma kada ki goya da ita sai ta sha wanki sau biyu ko uku, ƙandas ɗinta ya fita, kuma kada a sa mata sitaci. Tsohon zanen da ya yi laushi bai kuma tsufa har ya fara sakin zare ba, ya fi kowanne riƙe goyo.

Majanyin saƙin da aka kawo miki shi ne dukiyar. Kaushin saƙar hannu yana cizon zanen da ke ƙarƙashinsa, ƙullinsa ba ya sulalewa. Tsawon da ya dace kamu huɗu ne, wajen mita 2, faɗi kuma santimita 40 zuwa 50. Wanda bai kai taƙi biyu ba a faɗi yakan koma kamar igiya ya datse cinyar yaro. Tawul yana riƙo, amma daga Maris zuwa Mayu zafinsa ya yi yawa, ki ajiye shi sai hunturu.

Ga ɗaurin. Ki ajiye majanyi inda hannunki zai kai. Ki sunkuya daga ƙugu, bayanki ya shimfiɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. A ɗora yaron a sama, kansa daidai tsakanin kafaɗunki, don duk goyo yakan ɗan sauka idan kin miƙe. Wanda ya fara daga tsakiyar baya, a kan kwankwaso zai ƙare. Ki yafa zanen, tsakiyarsa a kan tsakiyar yaron, bakin sama ya tokare ƙeyarsa, hannayensa a ciki. Ki ja bakin sama ta ƙarƙashin hammata, ki fara kawo na dama ki shimfiɗa a saman ƙirji, ki ɗora na hagu a kai ki soke. Sannan ki kai hannu baya ki tattaro bakin ƙasa a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ki ɗan ɗaga shi sama, ki kawo gaba ki murɗa ki soke a ƙasan nono. Ƙafafunsa su fito ta gefenki biyu. Sai majanyi: bakinsa na ƙasa ya shige ƙarƙashin ɗuwawu ya kai bayan gwiwoyi, na sama ya kai tsakiyar bayansa, ki ja da ƙarfi daidai, ki ƙulla sau biyu a gaba. Majanyi ƙullawa ake yi, ba sokewa ba. Daga nan ki miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa.

Kwanakin farko ki koya a bakin gado, da wata babba tsaye a bayanki.

Ungozomar likita, Zango:

Sannu ƙanwata. Abin da Inna ta faɗa kan yadi da ɗauri babu gyara a ciki. Zan ƙara abin da ya shafi numfashi da ƙashi, kuma ina roƙon a karanta shi da natsuwa, don a nan hatsarin yake.

Kan jinjiri yana da nauyi a kan jikinsa, naman wuyansa kuwa ba ya ƙwari sai wajen wata 4. Idan goyo ya yi sako-sako, jikinsa yakan zube ya lanƙwashe, haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar iska ta matse. Irin wannan jinjirin ba ya kuka, shiru yake yi, uwa ta ɗauka barci ne. Saboda haka goyon da ya saki ya fi wanda ya kama jiki hatsari. Ma'auninsa: idan kin danna bayansa da tafin hannu ya ƙara matsowa jikinki, ɗaurin bai kama ba. Tsakanin haɓa da ƙirji yatsa biyu su shiga. Fuskarsa ta juya gefe ɗaya, kumatu a kan bayanki, hanci da baki a buɗe.

Shawarata ga ɗan sati uku shi ne a riƙa ɗaure shi a ƙirji, a tsaye, kansa kusa da haɓarki yadda za ki iya sumbatarsa ba tare da kin miƙa wuya ba. A nan idonki na kansa. Goyon baya na dogon lokaci, na zuwa kasuwa ko na aiki, ya jira har wuya ya tsaya.

Sai maganar hijabi. Kada a rufe jinjiri ruf a ƙarƙashin dogon hijabi ko mayafi mai kauri a shiga rana. Iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa, zafin cikin hijabin ya ƙaru, kuma babu mai ganin fuskarsa. A ɗage hijabin ta gefen da fuskarsa take, a sa masa hula mara nauyi, ko a riƙe lema. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, zane da majanyi kansu tufa biyu ne, sai a bar shi da riga ɗaya shara-shara da nafkin. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa. Idan ta jiƙe da gumi ko ta yi zafi, ki sauke shi a inuwa ki ba shi nono. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, nonon ne ruwansa. Idan maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ragu, ya kasa kama nono, ko jikinsa ya yi zafi yana ɗan ƙarami haka, likita za a nufa nan take.

Ƙafafu: yaro ya zauna a cikin zanen kamar kwaɗo, gwiwoyi sun ɗan fi ɗuwawu tsayi, cinyoyi a buɗe, yadi ya tallafe daga bayan wannan gwiwa zuwa bayan waccan. Wannan zaman yana sa kan ƙashin cinya ya zauna daidai cikin gurbinsa na ƙugu. Likitocin ƙashi sun lura cewa gocewar ƙugun jarirai ta fi yawa a al'ummomin da ke naɗe jariri da ƙafafu a miƙe a haɗe, ta fi ƙaranci a inda ake goyo irin namu. Sai dai jinjiri sabuwar haihuwa ba a tilasta masa buɗe ƙafa ya zagaye ƙugun uwa. A bar shi iya buɗewar da ya yi da kansa. Idan tafin ƙafarsa ya yi sanyi, ya kumbura ko launinsa ya canza, majanyi ya datse jini a bayan gwiwa, a kwance a shimfiɗa shi da faɗi.

Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa kada ƙulli ya hau kan ɗinki, kuma ta tambayi wanda ya duba ta kafin ta fara goyo.

Inna ta Birni:

Malama, a nan kam ina da ja kaɗan. Matan garin nan tun kaka da kakanni suna goya jinjiri a baya da zarar cibiya ta faɗi an yi suna, kuma da wannan goyon ake lallashin mai kukan dare. Idan aka ce wa mai jego kada ta goya sai wata 4, wa zai riƙe mata shi ta yi wanki? Abin da ake kiyayewa shi ne bakin zane ya tare ƙeya har zuwa kunne, a ɗora shi sama sosai yadda uwa za ta ji numfashinsa a wuyanta, kuma wata ce ke ɗora mata shi, ba ita ke wurga shi baya ba.

Ungozomar likita, Zango:

Gaskiyarki Inna, ban ce haramun ba ne. Jinjirin da ya cika watanninsa, mai lafiya, a hannun wadda ta iya, a cikin gida, na ɗan lokaci, da mai leƙa fuskarsa a kai a kai, wannan ba laifi. Wadda ke ita kaɗai ta ajiye madubi ko ta duba da kyamarar wayarta. Amma uku ban yarda a goya su a baya ba: bakwaini, wanda aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, da mai mura ko tari da numfashinsa ke sauri. Na biyun farko akwai hanyarsu da ake koyarwa a likita, ana ce mata kangaru. An faro ta a birnin Bogota na Kolombiya a 1978. Ana sa jinjirin tsirara sai nafkin da hula, a tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zane bakinsa daidai ƙasan kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ta sa'o'i 8 zuwa 24 a rana, kuma tun 2022 ta ce a fara ta da zarar an haihu. Uba ma yana iya karɓar uwa. Zanen atamfa mai laushi ya wadatar, ba sai an sayi komai ba.

Ɗan masaƙa, Sabon Gari:

Iyayena mata ku yi mini izini in sa baki ta ɓangaren saƙa, tunda an ambaci majanyin saƙi.

Saƙar maza siriri ake yin ta, tsiri-tsiri, sannan a jera a ɗinke su gefe da gefe. Ƙarfin tsiri yana tare da tsawonsa, rauninsa yana wurin ɗinkin haɗi. Don haka majanyi nagari tsirinsa su bi tsawonsa daga wannan baki zuwa wancan, yadda idan an ja, zaren tsaye ne ke ɗaukar nauyi. Wanda aka yanko daga tsohon zane ta kwance, ɗinkin ya gitta shi, kowane ja yana buɗe ɗinkin, kada a goya da shi. Haka wanda aka yi wa ƙari a tsakiya don ya yi tsawo.

Wajen saye, ko a Kasuwar Dole ranar Alhamis ko a hannun masu yawo da shi, a yi gwaji huɗu. A ɗaga shi a hasken rana: idan haske na ratsowa wani wuri fiye da wani, bugun saƙar bai yi daidai ba, nan zai fara yagewa. A ja shi ta tsawo da ta faɗi: kada ya miƙe. A ja shi ta kusurwa zuwa kusurwa: nan ana so ya ɗan ba da kai, wannan ɗan sakin ne ke sa ya kwanta a jikin yaro ya bi siffarsa. Sannan a karce shi da farce, idan zaren kwance ya gusa ya bar rami, saƙar ta yi sako.

Saƙar hannu tana shiga idan ta ga ruwa, saboda haka a sayi wanda ya fi abin da ake so da taƙi ɗaya. Idan rinin baba ne, shuninsa zai zuba ya kama fatar yaro da rigar uwa. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulun wanki na sanda, a yi ta ɗauraya har ruwan ya fita fari. Wannan yana da muhimmanci don yaro yakan tsotsi bakin majanyi idan haƙori ya fara masa ƙaiƙayi. Kada a zuba masa ruwan jabel, wato bilic, yana cin zaren auduga. A shanya a inuwa. Idan ya yi tauri a cuɗa shi da hannu ko a ɗan buga shi, amfani da kansa zai laushe shi. Geza mai tsawo a bakinsa a rage ta ko tela ya kalmashe, tana naɗe yatsan yaro. Duk sati biyu a bi ɗinkin haɗin da ido, musamman inda ƙulli ke zama, nan ne ke fara mutuwa.

Maman 'yan biyu, Karkada:

'Yar'uwa, kan dogon zanen da kika gani a intanet. Saƙar auduga ce, faɗinta santimita 60 zuwa 70, ana sayar da ita lamba-lamba. Wadda ta fi dacewa da mace matsakaiciya ita ce lamba 6, mita 4 da santimita 60. Siririya lamba 5 ta ishe ta, mita 4 da 20, mai jiki kuma lamba 7, mita 5 da 20. Fifikonsa ɗaya ne amma babba: yana bi ta kan kafaɗu biyu, nauyin ya rabu tsakanin kafaɗa da ƙugu, babu abin da ke danne nono. Mai fama da toshewar nono ko kumburinsa za ta ji bambanci, domin sokiyar zane idan ta zauna a kan tsokar nono sa'o'i tana hana ruwan gudana. A goyonmu na gida ma maganin shi ne sokiyar sama ta hau can saman ƙirji, ƙullin majanyi ya sauka ƙasan nono, kuma a shayar kafin a goya.

Ba sai an aiko miki daga waje ba. Yadi 5 na auduga mai ɗan kauri ya kai wajen mita 4 da rabi. Tela ya tsaga shi biyu ta tsawo ya kalmashe bakin, kin sami biyu, muddin faɗin kowanne bai gaza santimita 55 ba. Ya sa alama a tsakiya. Kada a haɗa guntaye biyu.

Ɗaurin ƙirji: ki sa alamar tsakiya a kan ƙirjinki, ki kai bakin biyu baya ta ƙarƙashin hammata, ki gicciya su a bayanki ba tare da sun murɗe ba, ki ɗauko kowanne ta kan kafaɗa ya sauko gaba. Yanzu akwai aljihu a gabanki. Ki ɗora yaron a kafaɗa ki zura shi ciki, ƙafafunsa su fito ta ƙasa, ki ja bakin sama zuwa ƙeyarsa, ki tura bakin ƙasa tsakaninki da shi ya zama mazauni. Sai ja, kuma a nan ake kuskure: ba a kama jelar gaba ɗaya a fizga. Ana bin faɗinta kashi-kashi, bakin sama, tsakiya, bakin ƙasa, ana janye sakin kowanne, hannu ɗaya na tallafe da yaro. In kin gama ɓangare biyun, ki gicciya su ƙarƙashin ɗuwawunsa, ki bi da su ƙarƙashin ƙafafunsa zuwa bayanki, ƙulli biyu.

Aibinsa a nan shi ne tsawo da zafi. Jelarsa na jan ƙasa lokacin ɗauri, ga yashi ga ƙura, kuma naɗi uku a bazara azaba ne. Ya fi kyau a cikin gida a watannin farko da lokacin sanyi. Wanda ake yi da yadin riga mai miƙewa kuwa na ƙirji ne kaɗai, na ƙaramin jinjiri. Ba a goyon baya da shi ko kaɗan, yaro na iya banƙarewa ya fito.

Amaryar Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura biyu: ana cewa yawan goyo yana sa ƙafar yaro ta yi baka, gaskiya ne? Kuma idan ya girma ɗaurin yana canzawa?

Ungozomar likita, Zango:

Ba gaskiya ba ne ƙanwata. Kusan kowane jariri da ɗan bakan ƙafa ake haihuwarsa saboda zaman ciki, kuma yakan miƙe da kansa wajen shekara 2. Bakan da ke ƙaruwa bayan haka, ko na ƙafa ɗaya, yana iya zama ciwon ƙashi, kamar wanda ke zuwa daga ƙarancin sinadarin kalsiyam ko bitamin D, a kai shi a duba. Abin da goyo ke iya ragewa shi ne motsa jiki, idan yaro ya wuni a baya. A riƙa sauke shi bayan sa'a ɗaya ko biyu, a shayar, a canza nafkin, a kwantar da shi rub da ciki a tabarma yana farke ana kallonsa, wuyansa da bayansa su yi ƙarfi. Idan barci ya ɗauke shi kuma kin sami wuri, ki kwance ki shimfiɗa shi rigingine cikin gidan sauro.

Ɗaurin yana canzawa. Nauyin haihuwa yakan ninka biyu wajen wata 5, ya ninka uku a shekara, wajen kilo 9 zuwa 10. Daga wata 6, da ya iya zama, ana fito da hannayensa, bakin zane ya tsaya a hammatarsa, amma da ya yi barci a ja zanen ya tare kai. Kada bakin ya sauka ƙasa da hammata, don mai wata 8 yana banƙarewa baya da ƙarfi. A wannan lokacin majanyi ya zama dole, mai faɗi, wasu ma biyu suke sawa, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu ɗaya a bayansa.

Hannun da ya fito kuma yana kai wa ga abin da ba ki gani. Kada a soya da mai ko a sauke tukunyar ruwan zafi da goyo, kada a tsaya cikin hayaƙin murhu da shi. A kula da bakin ƙofa da kwanon rufi, don faɗinki ya ƙaru ta baya da gefe. Wajen ɗaukar abu a ƙasa a durƙusa da gwiwa. A kan kabu-kabu ƙafarsa na iya taɓa bututun hayaƙi, jelar zane ko hijabi na iya shiga taya, a tattare komai, a kuma gaya wa mai babur ya tafi sannu. A cikin mota kada a jingina da goyo a baya, a kwance shi. Yarinyar da ba ta kai ta riƙe kanta ba kada a ɗaura mata jinjiri, ko da tana roƙo.

Inna ta Birni:

An manta saukewa, kuma a nan yara suka fi faɗuwa. Ki sunkuya tukuna kamar yadda kika yi wajen ɗorawa. Majanyi ake fara kwancewa, sai sokiyar ƙasa, ta sama ita ce ƙarshe, hannu ɗaya na ƙarƙashin ɗuwawunsa tun daga farko. Ki zamo da shi ta gefen ƙugu, ƙarƙashin hammatarki, zuwa gaba. Jinjirin da wuyansa bai tsaya ba, ki zauna a bakin gado, wata ta karɓe shi ta tallafi kansa kafin ki saki zanen.